Ba a Sauke Shi Ƙasa

"Mu biyar ne a gidan nan, na shida yana hanya," in ji Mai Tsari, ya nuna cikin matarsa da haɓa. "To ku duba da kyau. Kun ga alamar yaro a falon nan?"

Baƙin suka duba. Babu. Farin kafet ne shimfiɗe daga bango zuwa bango, ko ɓurɓushin biskit babu a kansa. Kujeru masu ruwan madara, tebur na gilashi, doguwar tukunyar fure a kusurwa, labule har ƙasa. Matar da ke cikin baƙin ta dafe ƙirji ta ce wallahi ko otal albarka. Maman 'Yan Biyu tana tsaye a bakin kicin da tire a hannu, ta yi murmushin da ta saba. Kuma kar in yi mata ƙarya, yabon nan yana yi mata daɗi har cikin ranta.

Kafinta ne mijin nata, amma kar ka kuskura ka kira shi haka a gaban mutane. Mai Tsari ake ce masa, haka ma ya sa aka rubuta a bayan motarsa. Ba shi da shagon nuna kaya, cewa yake me zai yi da shago alhali yana da gida? Ciki ɗaya ne da falo a hawa na uku na wani dogon bene, irin gidajen da in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ce masa sannu. Nan yake kawo masu ƙananan gidaje irin nasa su ga abin da hannunsa ya iya. Zai taɓa madubin bango ya sauko ya zama teburin cin abinci. Zai ja ƙasan doguwar kujera, gadon 'yan biyunsa mata ya fito. Zai buɗe ɗakin kwana su ga gado da kabad sun cinye shi tas, in ka sauko da ƙafa daga gado a bakin ƙofa za ta sauka, amma komai yana da maɓoyarsa. Mafi daɗin kuwa a ƙarshe yake ajiye shi.

"Yanzu ku zo ku ga abin da ya fi kawo min aiki."

Tsakanin ɗakin kwana da banɗaki akwai wani ɗan lungu, faɗinsa bai wuce ka miƙa hannu ɗaya ba. A nan ya ƙera gadon yaro, ya cika lungun cif, da fararen sanduna na katako, da durowar kaya a ƙasa, da labule a gaba. Ya yaye labulen. Yaron yana zaune a ciki, ya riƙe sanda ɗaya da hannu biyu, yana kallon mutanen da manyan idanunsa. Bai yi kuka ba, bai yi dariya ba.

"Malam Shiru ke nan," in ji uban. "Wuni zai yi a nan ba ku ji motsinsa ba."

"Kai, Allah ya ba mu irinsa!" in ji baƙon. "Namu sai ka ce an kunna inji."

Aka kwashe da dariya, har da uwar.

Alhali ba haka Allah ya halicce shi ba. Da ya fara rarrafe, yaron nan ko ƙadangare bai fi shi sauri ba. Kafin ka juya ya shige ƙarƙashin tebur, kafin ka sunkuya ya kama labule. Sai ranar da ya yi tumbuɗin madara a tsakiyar kafet, a gaban wani kwastoma mai tsantseni. Mutumin ya janye ƙafarsa, ya ce zai kira, bai sake kira ba. Mai Tsari ya durƙusa da kansa ya wanke wurin, yana gogewa yana huci, da ya miƙe sai ya yanke hukunci.

"Daga yau kar a sake sauke shi ƙasa. Na ɗan lokaci ne, kafin in samu shago."

"Abban 'yan biyu, yaro fa rarrafe yake so."

"Ya yi a cikin gadonsa mana. Ni na ƙera shi, na san akwai fili."

Fili wai! Wurin da in yaron ya miƙe ƙafa sai tafinsa ya taɓa katako.

Da farko ya yi yaƙi, Allah ya sani. Zai kama sandunan ya miƙe tsaye yana jijjiga su, yana tsala ihu har masu hawa na biyu su buga silin da tsintsiya. Ya gartsa wa katakon sababbin haƙoransa har fenti ya ɓare. Uban ya zo da yashin goge katako ya gyara, ya sake fenti. Ya riƙa wurgo kwalbar madararsa waje don a zo a ɗauka masa; uban ya ɗaura wa kwalbar igiya. Kowace dabara yaron ya zo da ita, Mai Tsari yana da maganinta a akwatin kayan aikinsa, kuma daga baya ya riƙa nuna wa kwastomomi maganin a matsayin sabuwar fasaha.

Maman 'Yan Biyu ta kan saci jiki ta sauke shi idan uban ya fita. Ta shimfiɗa tsohon zani a kan kafet, ta ajiye shi, tana gadinsa kamar mai gadin madara a kan wuta. Amma kwastoma ba ya yin alkawari da kowa. Ana cikin haka waya za ta yi ƙara: "Muna ƙasa, ga mu nan hawowa." Sai ta sure yaron kamar ƙunshin wanki, ta jefa shi gado, ta ja labule, ta naɗe zanin, ta daddaki filon kujeru, ƙararrawar ƙofa na bugawa tana buɗewa da fara'a. Sau da yawa ko wayar ba a yi, ƙararrawar kawai za ta ji. Ga ciki ya fara nauyi, ga bayanta yana ciwo. Rannan ta ce yau dai bari in huta. Gobe ma ta huta. Daga nan zanin ya koma tsumman kicin.

'Yan biyun su sun tsira, don a tsohon gida mai tsakar gida suka koyi tafiya, kuma makaranta na riƙe su har yamma. In sun dawo sun san doka: a cire safa a bakin ƙofa, a bi gefen bango, a ci abinci a tsaye a kicin. Sukan leƙa ƙanin nasu ta tsakanin sanduna su yi masa gwalo. Da yana ƙyalƙyala musu dariya, daga baya sai dai ya bi su da ido.

Ba rana ɗaya ya daina ba, shi ya sa ba wanda zai ce ga ranar. Ihu ya koma ƙunƙuni, ƙunƙuni ya koma shiru. Ya daina jijjiga sandunan. Can kuma ya daina kama su ya miƙe, sai dai ya zauna ya riƙe guda ɗaya, kullum ita ɗin dai, har fentinta ya dushe daidai tafin hannunsa. A lokacin ne wata baƙuwa ta laƙaba masa Malam Shiru, sunan ya bi shi. Gidan ya yi tsit, aiki ya yi ta shigowa, Mai Tsari ya canja labulen falo zuwa mai tsada. Zancen shago kuwa ba a sake tayar da shi ba.

Yayarta kan kira ta daga garin da take aure. "Ya ɗan nawa? Ya fara tatata kuwa?"

"Ya kusa, Yaya."

"Har yanzu ya kusa? Shekara biyu fa yake nema."

"Ai kin san maza da jinkiri."

Wannan amsar daga bakin mijinta ta are ta. Yana da su iri-iri, kamar yadda yake da ƙusoshi. Maza sun fi mata nauyin ƙafa. Shi ma an ce sai da ya daɗe kafin ya taka. Ƙiba ce ta yi wa yaron yawa. Gara ma da bai tashi ba, ga gilashi ko'ina, so take ya fasa kai? Ita kuma ta riƙa karɓa tana haɗiyewa, don haɗiyewar ta fi sauƙi a kan ta tsaya ta dubi siraran ƙafafun da take wankewa kullum a baho, masu laushi kamar ba ƙashi a ciki.

Asiri ya tonu ne ranar da wata mai shagon magani ta zo ganin gadon. Mace ce mai sakin jiki, mai yawan magana, ta zo da 'yarta a kafaɗa. Tana shigowa ta dire yarinyar a kan kafet ba tare da ta nemi izinin kowa ba. 'Yar ta tashi da gudu, ta zagaya tebur, ta manna tafin hannu a gilashi. Mai Tsari ya yi yaƙe yana cewa ba komai, ai yara ne, gumi na tsatstsafo masa a goshi.

Da aka yaye labulen lungu, matar ta yi guɗar murna. "Lah, ga saurayi! Watansa nawa?"

Maman 'Yan Biyu ta faɗa mata.

"Ashe ma ya girmi tawa. Zo nan, ango, fito ku yi wasa."

Kafin wani ya buɗe baki ta zura hannu ta ɗauko shi, ta kai shi tsakiyar falo ta tsayar. Ƙafafun suka lanƙwashe, ya zube zaune. Ta sake tsayar da shi, ya sake zubewa. Sai ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ga fili ko'ina ba abin kamawa. Ya miƙa hannuwa yana laluben iska, jikinsa ya ɗauki ɓari, sannan ya ƙwalla wata irin ƙara da uwarsa ta manta yana da ita. Ba kukan yunwa ba ne, ba na rigima ba. Tsoro ne tsagwaronsa. Yaro yana tsoron ƙasan gidan ubansa.

Mai shagon maganin ta daina dariya. Ta durƙusa ta taɓa ƙafafun, ta ɗago ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Yaron nan ba ya tsayuwa? Kun kai shi asibiti kuwa?"

Mai Tsari ya yi gyaran murya. "Ai Hajiya, ba namu ba ne. Ɗan ƙanwar madam ne, haka aka haife shi da lalura. Riƙo muke yi, don Allah."

"Ayya! Allah ya ba ku lada." Ta juyo wurin uwar. "Sannu, 'yar uwa. Ba kowa zai iya ba."

Maman 'Yan Biyu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ga ɗan da ta yi naƙudarsa yana kuka a gabanta, yana miƙo mata hannu. Ta dubi mijinta, ya zare mata ido. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yauwa, na gode." Da bakinta ta faɗa, ba wanda ya shaƙe ta. Ta ɗauki yaron ta mayar da shi gado, yana kama sandarsa ya yi shiru yana ajiyar zuciya. Matar ta ba da aikin gado irinsa kafin ta tafi.

Ƙofa na rufewa ta juyo. "Ɗan ƙanwata? Ina da ƙanwa ne ni?"

"To me kike so in ce?"

"Ka ce ɗanka ne!"

"In ce ɗana ne, ta fita ta baza a gari cewa gadon Mai Tsari yana gurgunta yara? Ke kina da hankali kuwa? Da falon nan kuke ci, da shi 'yan biyu ke zuwa makaranta. Kuma ke da kike ɗaga min murya, me kika ce da ta yi miki sannu?"

Ta shige kicin ta kunna famfo don kar a ji kukanta. Ba haushinsa ne ya fi cin ta ba, kunyar kanta ce. Ta tuna duk ranakun da ta ja labulen nan da hannunta, ta tuna daɗin da take ji in an ce gidanta kamar ba yara. Ko madubin falo ta kasa kallo ranar.

Washegari da safe, bayan ya fita, ta goya yaron duk da tsohon cikinta, ta sauka benen tana nishi, ta nufi asibitin yara. A layin jira yara sai kai-kawo suke, wasu na hawa benci, wasu na jan mayafin iyayensu. Nata ya ƙanƙame wuyan rigarta ya ɓoye fuska. Wata mata da ke kusa ta ce, "Kai, naki akwai natsuwa." Ta kawar da kai.

Likitar dattijuwa ce mai farin gilashi. Ta kwantar da shi ta lanƙwasa ƙafafun, ta miƙe su, ta ƙwanƙwasa gwiwa, ta duba baya. Ta yi tambayoyi a kan haihuwarsa da abincinsa da zazzaɓi. Sannan ta ce, "Ya taɓa rarrafe?"

"Ya yi, likita. Sosai ma."

"Sai ya daina?"

"Eh."

"A gida ina yake wasa?"

"A... a falo."

Likitar ta sunkuya. Ta kama gwiwar yaron ta shafa da babban yatsa, ta juya tafin ƙafarsa ta shafa. Sumul suke, kamar na jaririn da aka haifa jiya. Ta cire gilashinta ta dubi uwar.

"Maman yaro, gwiwar da ke taɓa ƙasa ba haka take ba. Ni ba faɗa zan yi miki ba, gaskiya nake so don in san abin da zan yi masa."

Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ta faɗa, kanta a sunkuye, murya ciki-ciki: lungun, da sandunan, da farin kafet. Tana faɗa tana jin yadda maganar ke fita ba ta da kai ba ta da gindi. Kafet! A gaban mutuniyar da ta wuni tana ganin yaran da cuta ta kayar, ita ta zo da nata wanda kafet ya kayar.

"Ƙashinsa lafiya lau," in ji likitar. "Ban ga wata cuta ba tukuna, za mu ƙara bincike. Amma naman ƙafarsa ya kwanta, kuma ba ƙafar kaɗai ba, ko magana ya kamata a ce ya fara. Za ki riƙa kawo shi gashi, wato atisayen ƙarfafa ƙafa. Babban maganin dai yana gidanki: a sauke shi ƙasa, ya wuni a ƙasa, ya faɗi, ya ɓata wuri, ya yi kuka. Ba zan ce miki komai zai dawo daidai ba, don an ɓata lokaci. In aka ƙara ɓatawa kuwa, kar ki zo ki tambaye ni."

Da yamma ta gaya wa mijin. Ya saurara yana tauna leɓe, har ta ɗauka maganar ta shige shi. Can sai ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya nufi lungu.

"In na cire durowar ƙasa, na ci taƙi ɗaya daga banɗaki, gadon zai ƙara tsawo. Har ma in yi shi hawa biyu, na sama na jaririn da ke zuwa."

"Abban 'yan biyu, ƙasa aka ce. Ƙasa!"

"Likitoci ai haka suke, su ba su san yadda ake neman abinci ba."

"To ni dai na gama. Gobe a falo zai wuni. In ka ga dama ka kore mu ni da shi."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya yi ta faɗa, ya kawo zancen haya, ya kawo zancen makaranta, ya ce ita ce za ta fara kuka in tukunya ta daina hawa wuta. Da ya ga ko gezau, sai ya sauko da sharaɗi: ta sauke shi, amma ta yi alkawari in ƙararrawa ta buga ta ɗauke shi, kamar da. Ta ce ta ji.

Aka shiga wata sabuwar wahalar. Kullum da safe ta ɗauko shi ta ajiye a tsakiyar kafet, ya yi ta ƙara yana laluben iska har muryarsa ta dushe. Bayan 'yan kwanaki ya daina ƙarar, amma inda ta ajiye shi nan za ta same shi, kamar an dasa. Ta ajiye biskit nesa kaɗan da hannunsa. Ya kalli biskit, ya kalle ta, ya haƙura. Yaron da ya saba ba a ba shi abin da ya miƙa wa hannu, me zai sa ya wahalar da kansa? 'Yan biyu suka riƙa yi masa rawa suna kiransa, ya bi su da ido. Ita da kanta, da cikin da ya kai mata har wuya, ta durƙusa ta riƙa rarrafe a gabansa tana cewa, "Ka ga, haka ake yi, ɗan albarka, haka." Ta zagaya tebur da gwiwa tana haki, hawaye na ɗiga a kan kafet ɗin da ta fi shekara tana tsare wa ɗigon ruwa. Shi kuwa in ƙararrawa ta buga, sai ta ga ya zabura ya ɗaga hannuwa sama, yana jiran a ɗauke shi. Ta kuwa ɗauke shi, don ta yi alkawari.

A wurin gashi aka ce ƙafar tana ɗan samun ƙarfi. A gida dai ko taƙi bai matsa ba.

Wata ranar da hantsi tana zaune a ƙasa kusa da shi, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, ga kofin madara a gefe, ga ɓurɓushin biskit ko'ina. Ƙararrawa ta buga. Yaron ya ɗaga hannuwa. Ta yunƙura za ta tashi, bayanta ya riƙe. Ta dubi hannuwan nan biyu a sama. Ta koma ta zauna.

"A'a," ta ce masa. "Yau ba inda za ka. Nan ma gidanku ne."

Ƙararrawa ta sake bugawa. Ta ji mukulli yana juyawa. Mai Tsari ya shigo da wasu sababbin ma'aurata, matar da ɗan ƙaramin ciki, yana tafe yana zuba: "Mu biyar ne a gidan nan, na shida..." Maganar ta maƙale. Ya ga kofi, ya ga biskit, ya ga matarsa baje a ƙasa. Ya yi mata alama da ido, ya yi da gira, ya yi da haɓa. Ta kalle shi kawai.

Yaron ya ga baƙi. Ya sake miƙa wa uwarsa hannu, ba ta ɗauke shi ba. Ya miƙa wa ubansa, shi ma ya tsaya ƙiƙam. Leɓensa ya fara rawa. Sai ya sauke hannuwan ya dafa kafet, ya karkata, ya ja gindinsa gaba.

Uwar ta zuba masa ido. Ya motsa! Ya sake dafawa ya sake ja, ƙafafun na biye da shi a baya. Ta buɗe hannuwa tana rawar murya, "Zo, zo wurin Mama!" Bai ko dube ta ba. Ya wuce ta, ya wuce biskit ɗin, ya wuce ƙafar tebur, yana nishi, yana ja, har ya fita daga kan kafet ya shiga lungu. Ya kai hannu ya kama sandunan gadon ta waje. Ya ja jikinsa, ya zame. Ya sake ja, gwiwoyin na karkarwa, har ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa biyu. Yana tsaye yana tura kansa tsakanin sandunan, yana neman hanyar da zai koma ciki kafin baƙi su gan shi.

Amaryar ce ta fara tafa hannu.

"Wayyo, ku ga wayo! Yana ganin baƙi ya san wurinsa. Wallahi kun iya tarbiyya. Don Allah Anti, yaya kuka yi kuka koya masa? Ni ma ina so nawa ya tashi haka."

Mai Tsari, mutumin da bai taɓa rasa amsar kwastoma ba, ya juya ya dubi lungun. Mukullin da ke hannunsa ya faɗi a kan kafet, bai sunkuya ya ɗauka ba. Idonsa na kan ɗansa, kan siraran ƙafafun nan da ke rawa a bakin gadon da ya ƙera da hannunsa.

Maman 'Yan Biyu ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar. Ta je ta ɓamɓare yatsun yaron daga katakon ɗaya bayan ɗaya, yana turjewa yana kuka, shi ala dole sai ya shiga. Ta rungume shi a kan cikinta, ta juyo ta fuskanci amaryar. Fuskarta sharkaf da hawaye, ba ta goge ba.

"Ba wuya, ƙanwata," ta ce. "Ki sayi gadon, ki sayi farin kafet. In ya yi kuka ki ce zai saba. Wallahi zai saba."